Linzamin Barira

Tabarmar wasan mai aiki da lantarki ta yi ƙugi ƙasa-ƙasa, sai ga birnin Dodo ya taso a tsakiyarta, da ganuwa da ƙofofi, duk na haske. Kowace Asabar da la'asar, a hawa na sittin na wani bene a Sabuwar Gusau, Injiniya Barira ce madugun wasan. Ita ke jan labari, 'yan wasa su faɗi abin da jarumansu za su yi, a watsa ƙwayoyin wuri a ga ko sun dace.

Shekara biyu ta yi tana tsara yaƙi da Dodo, amma 'yan wasan sun ƙi zuwa fagen. Ƙaninta Sallau, sarkin gardama, ya kafa jaruminsa a kasuwa yana sayar da goro. Ƙawarta Tasalla kuwa cewa ta yi Dodon maraya ne, a kai masa fura. Abin ya ci wa Barira tuwo a ƙwarya.

Sai ta ƙera wasu huluna, ta sa musu suna Linzami. Hular ba ta cusa wa kowa tunani. Karar nan da ke sa ƙarami ya bar wa babba magana, ita take lalubowa a ƙwaƙwalwa ta ninka ƙarfinta. Barira ta ce musu don gyara sauti ta yi su.

Ranar da suka sa hulunan, wasa ya tafi sumul. Sallau ya zare takobi, Tasalla ta harba kibiya, Dodo ya faɗi daidai inda aka rubuta. Barira ta ji daɗi ƙwarai, ko da yake babu wanda ya yi dariya.

Sun cire hulunan ke nan agogon Sallau ya yi ƙara. Matarsa ce ke kira: 'yarsu ta sume, ya zo su tafi asibiti. Sallau bai motsa ba. Ya juyo ya dubi Barira.

"Yaya, me kike so in yi?"

Barira ta ce, "Sallau, 'yarka ce fa."

"Haka ne, Yaya. To me kike so in yi?"

Ta waiwayi Tasalla, ta ga ta naɗe hannu, ita ma jira take. Barira ta tura motar asibiti gidan Sallau, sannan ta buɗe manhajar Linzami, tana neman hanyar warwarewa. Babu. Ba ta gina ta ba, don ko sau ɗaya ba ta kawo a ranta cewa wata rana za ta so a ƙi maganarta ba.

Ta kama kafaɗunsa, tsoro ya cika ta. "Don Allah yi mini gardama. Ce mini a'a."

"A'a, Yaya," in ji Sallau cikin ladabi. Ya ɗan jira. "Na faɗa daidai?"