Furar Shanu Biyu

A wani zamani can baya, an yi wani mutum mai tsananin kunya. Ya sayar da shanunsa biyu don ya fara fataucin lu'ulu'u. Yayarsa, wadda ta san duwatsu masu daraja, ta ce, "Ƙanena, kafin ka biya, ka fito da dutsen cikin rana, ka ɗora shi a farin ƙyalle, ka juya shi ko da tsaga."

Ya isa rumfar dillali. Dillali ya kawo masa fura mai sanyi, sai ya ji kunyar fita rana. Dillali ya tambayi lafiyar iyalinsa, sai ya ji kunyar zaro ƙyalle. Dillali ya kira shi ɗan'uwa, sai ya ji kunyar juya dutsen. Ya biya, har da godiya.

A gida yayar ta ɗaga dutsen a rana. Ga tsaga nan tun daga sama har ƙasa!

Ta ce, "Ka fita rana kuwa?"

"Haba Yaya, mutumin da ya ba ni fura?"

Ta dafe kai. "To, furar ta yi daɗi?"

"Ƙwarai kuwa."

"Madalla. Ai ita ka saya da shanunka biyu."