Wanda Ya Naɗe Laimar Hafeni

Ranar da Ndilimeke ta fara taka filin 'yan dirowa da laima da ke bayan garin Swakopmund, ba kallo ta zo ba. Kayan yayanta ta zo karɓa. Wata huɗu ke nan da binne Tuhafeni, mahaifiyarsu Meme Rauna kuwa ta rantse ƙafarta ba za ta taɓa taka wurin ba.

A rumfar naɗe laima ta tarar da wani saurayi a durƙushe, yana tsefe igiyoyi ɗaya bayan ɗaya kamar mai kitso. Ya ɗago kai, sai hannunsa ya tsaya.

"Ke ce Meke," ya ce. "Goshinku ɗaya da shi."

"Kai fa?"

"Simaneka. Ni ke ɗinki da naɗin laima a nan. Hafeni abokina ne."

Ya shiga ciki ya fito da jaka. Hular kwano, tabarau, agogon auna nisa daga ƙasa, da rigar da har yanzu ke ƙamshin turarensa. Meke ta rungume jakar. Ya jawo mata benci, ya kawo shayi mai zafi, ya koma gefe.

"Yaya yake a nan?" ta tambaya can. "A gida ba ya ba mu labari, saboda Meme."

"Surutu," in ji Simaneka. "Ko a cikin jirgi ba ya shiru. Ranar dirowarsa ta farko ya yi ta cika baki, da aka buɗe ƙofa sai ya riƙe ƙafar matuƙi yana cewa ya manta tukunya a wuta."

Dariya ta kuɓuce mata, ta farko tun rasuwar. Daga nan kuka ya biyo. Ya bar ta ta yi abinta har ta gaji.

Asabar ta zagayo ta sake dawowa, wai ta manta ta yi godiya. Ta bayanta ma ta zo, ba ta ko nemi dalili ba. Da ta tashi daga asibitin da take aikin jinya sai ta hau tasi zuwa filin. Mutanen filin suka karɓe ta kamar 'yar gida. In jirgin ƙarshe ya sauka aka hura wuta ana gasa nama, Tannie Elsabe, dattijuwar da ke kula da dokokin tsaro a filin, takan ajiye mata wuri kusa da ita.

Meke takan zauna tana kallon Simaneka a kan keken ɗinki. Ya nuna mata yadda kowace jaka ke ɗauke da laima biyu, babba da ta ko-ta-kwana, da yadda yake sa hannu a kati duk lokacin da ya naɗe ta biyun.

"Ashe dai tela ne kai," ta ce.

"Telan da in ya yi kuskure ba a dawo masa da kaya."

Ya faɗa da wasa, amma fuskarsa ta canja. Ba ta kula ba.

Saƙonni suka fara yawo tsakaninsu.

"Telana, ka ci abinci kuwa, ko igiyoyi ka ci?"

"Na ci, Meke tawa. Hazon teku ya hana jirgi tashi. Kowa na jiran rana ta fito, ni ke nake jira."

"Bakinka da daɗi. Zan zo da gasasshen naman kapana, kada ka gaya wa Tannie."

Shekara ta kusa cika da rasuwar Hafeni lokacin da ya ce mata, a bakin teku, yana kallon takalminsa, yana so ya turo kawunnansa. Ta ce ya turo. A hanyar gida ne tsoro ya kama ta.

Meme Rauna tana da nata zaɓin: Absalom, ɗan ƙawarta, ma'aikaci a tashar jiragen ruwa ta Walvis Bay, mai mota da gida. Ba mugu ba ne, amma ya daɗe yana jira, kuma ya yi bincikensa. Wata Lahadi bayan coci, suna cin abinci a gidansu a unguwar Mondesa, ya ajiye cokali.

"Meme, kin san wanda Meke ke zuwa gani a filin nan? Shi ya naɗe laimar da Hafeni ya diro da ita ranar nan. Kowa a wurin ya sani."

Kwanon hannun Meme ya faɗi.

"Gaskiya ne?" ta tambayi 'yarta.

"Ban sani ba, Meme."

"Ɗa ɗaya na haifa namiji. Hannun da ya tura shi kabari shi za ki kawo mini in sa wa albarka? In kin aure shi, ki nemi wata uwar."

Meke ta fita bayan gida ta rubuta wa Simaneka saƙo.

"Kai ka naɗe laimar Hafeni?"

Amsa ba ta daɗe ba. "Ni ne."

"Wata nawa muna tare ba ka faɗa mini ba. Ba ka da abin cewa?"

"Ki yafe mini. Ba ni da abin da zan ƙara."

Ta toshe lambarsa.

Wata biyu suka wuce. Meke ta rame har abokan aikinta suka fara tambaya. Absalom yana zuwa da kifi da kaji, tana gaishe shi ta shige ɗaki. A filin kuwa Simaneka ya daina zama wurin gashin nama. Yakan naɗe laima ya warware, ya sake naɗewa, har masu ita su gaji da jira.

Tannie Elsabe ce ta kasa haƙuri. Ta je asibitin ta zauna a layin marasa lafiya, da aka zo kanta ta ajiye takarda a teburin Meke.

"Ba ciwo ya kawo ni ba, 'yata. Karanta. Mun aika wa mahaifiyarki irinta tun bara."

"Ta jefa a murhu ba ta buɗe ba."

"Na zata. To, laimar yayanki ta buɗe lafiya lau. An duba kowace igiya. Ya yi ta shawagi har ya kusa sauka, sai ya ja ta ya yi juyi mai kaifi kusa da ƙasa, irin wanda ke ƙara gudu. In mutum ya yi shi a sama, laima na samun lokacin miƙewa. Shi ya yi shi ƙasa da yawa. Sau biyu na hana shi a baya."

Meke ta karanta har ƙarshe, idonta na zuba.

"To me ya sa Sima bai faɗa mini ba?"

"Wannan shi za ki tambaya. Ni dai na gaji da kallon yaro yana mutuwa a tsaye."

Ta same shi a rumfa da yamma. Ya miƙe, allura a hannunsa.

"Ka bar ni na tsane ka," ta ce. "Ka bar uwata tana tsine maka. Saboda me?"

"In na ce ba laimar ba ce, za ku tambayi me ya sa ya yi juyin."

"To me ya sa?"

Ya ajiye allurar. Sannan ya buɗe akwatin kayan ɗinkinsa ya ciro ɗan katin kyamarar da ke jikin hular Hafeni, ya sa a waya.

Ga Hafeni a cikin jirgi, ya juyo da kyamara fuskarsa, yana washe baki. Yana ihu don ya rinjayi ƙarar inji: "Meme! Gobe kin cika sittin! Kullum kina cewa wasan banza nake yi. Yau ki ga yadda ɗanki ke sauka kamar tsuntsu. Wannan taki ce!"

Simaneka ya tsayar da hoton.

"Sauran ba na kallo ba ne. Na gwammace ta tsane ni, Meke. Ni baƙo ne a wurinta, tsanata ba za ta kashe ta ba. Amma in ta ji don ya burge ta ya yi, da me za ta rayu?"

Meke ta durƙushe a kan laimar da ke shimfiɗe. Ya durƙusa kusa da ita, suka yi kuka tare, karo na farko da ta ga hawayensa.

"Ba kai za ka zaɓa mata ba, Telana," ta ce daga baya. "Ɗanta ne. Muryarsa ce ta ƙarshe, ka riƙe ta shekara guda a akwatin zare."

Kwana uku tana roƙon mahaifiyarta kafin ta yarda ya shigo gidan. Meme Rauna ta zauna a kujera, ba ta amsa gaisuwarsa ba. Ya durƙusa a ƙasa ya miƙa wayar da hannu biyu.

Ta kalla sau ɗaya. Ta ce a mayar. Ta kalla sau huɗu, tana shafa gilashin da yatsa. Sannan ta saki wani irin kuka da ya fito da maƙwabta.

Da ta lafa ta ce, "Faɗa mini sauran. Kada ka rage komai."

Ya faɗa mata. Shi ya fara isa wurin Hafeni da gudu. Shi ya riƙe kansa har motar asibiti ta zo. Bai daɗe yana shan wahala ba.

"Kullum ina ce masa wasan banza," in ji Meme, muryarta a dushe. "Ko sau ɗaya ban je na gani ba."

"Meme, bai taɓa jin haushinki ba. Cewa yake tsoro ne ke sa ki faɗa."

Ta dube shi sosai, a karon farko.

"Na kira sunanka da mugun baki a gaban Allah, ɗana. Kai kuma kana can kana rufa mini ciwo. Wace ce ta haife ka?"

"Ta rasu ina ƙarami, Meme."

Ta miƙa hannu ta ɗora a kansa, ta bar shi a nan.

Ba a rana ɗaya ta warke ba. Ta yi makonni ba ta fita ko coci. Absalom ya zo ya ba da haƙuri, ya ce abin da ya ji ya faɗa, daga nan ya janye da mutuncinsa. Sai a watan Agusta Meme ta ce wa Meke, tana tankaɗen gero ba ta ɗago ba, "Ki ce wa yaron nan ya turo mutanensa."

A Disamba aka yi bikin a ƙauyensu kusa da Ondangwa. An kafa farar tuta a ƙofar gida, an yanka sa biyu, mata cikin jajayen riguna masu ratsi suna guɗa suna kaɗa wutsiyar doki. 'Yan filin laima suka cika motoci uku suka yi tafiyar yini guda. Tannie Elsabe ta ci tuwon gero da hannu, ta yi rawa har gwiwarta ta ƙi.

Da aka zo sa albarka, Meme Rauna ta miƙe. Ta dubi amarya da ango.

"Na so a ce yayanki ne zai riƙe hannunki yau," ta ce wa Meke. "Allah bai nufa ba." Ta juya ga ango. "Simaneka, ga ta nan. Ita kaɗai ta rage mini. Abu ɗaya nake roƙonku: ku riƙa faɗa wa juna gaskiya, ko mai zafi ce. Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku 'ya'ya, ya sa ku ne za ku binne ni, ba ni zan binne ku ba."

Jama'a suka amsa da amin. Ta haɗa hannayensu biyu cikin nata ta riƙe gam, sai da mata suka sake ɗaukar guɗa sannan ta saki.