Ɗakin Sardin

A tasha suka fara haɗuwa. Auta, 'yar tela, tana fama da ƙullin ɗinkin da ya ƙi shiga bayan mota. Wani siririn saurayi ya karɓa, ya juya shi sau biyu, ya shige.

"Sardin ake ce mini," in ji shi. "Ba na yanka ba ne. A kamfanin kifi nake, ni ke jera su a gwangwani."

"Wai shi sardin ɗin wane kifi ne?"

"Ƙananan kifayen teku ne iri-iri aka haɗa musu suna. A gari kuwa, duk inda aka matsu sai a ce sardin."

Wata shida ana musayar saƙo. "Autata, yau na jera dubu uku, ke kaɗai na kasa sanin inda zan ajiye."

"Malam Sardin, a wanke hannu kafin a taɓa waya."

Da maganar aure ta taso, Baban Auta ya ƙi. Mai kemis ɗin layinsu ma yana nema, kuma gidansa ciki uku da falo.

"An ce ɗakinsa ɗaya, ko akuya ba za ta juya ba. 'Yata ba kifi ba ce."

Haka mutane ke ɗauka, wai fili ne ke riƙe aure. An ga auren da ya mutu a bene mai hawa uku.

Inna ta ce, "Malam, ka je ka gani mana, in ya so ka ƙi da hujja."

Ya je ran Asabar da hantsi, da tef ɗin awo a wuya. Ya auna: taku tara da takwas. Gado na naɗewa jikin bango. Tukwane cikin tukwane. Takalma kai da ƙafa, kamar yadda ake kwantar da kifin. Ƙarƙashin taga kuwa an bar wuri wayam.

"Nan fa?"

"Na keken ɗinkinta ne, Baba. Na auna da sandar tsintsiya a shagonku."

Baba ya sa tef. Daidai, har da wurin ƙafa. Ya tuna mai kemis ya ce matarsa ba za ta yi ɗinki ba.

Ya daɗe yana naɗe tef ɗinsa.

"Shagona shekara ashirin ba a ganin ƙasa saboda tarkace. Gobe ka zo ka jera shi. Ka taho da manyanka."

Bayan wata biyu aka ɗaura. Allah Ya ba da zaman lafiya. Keken ya shiga wurinsa ba a ture komai ba.