Maganar da Aka Goge Daga Bakin Baba

Magariba ta kawo jiki lokacin da Sista ta dawo daga asibitin da take aikin jinya. Ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta buɗe kwamfutarta a kan teburin falo kamar yadda ta saba. Mijinta direban babbar mota ne, yana kan hanya. Daga ita sai Auta, 'yarta mai shekara goma sha huɗu, wadda ke tsakar gida tana kwashe shanya.

Sai dutse ya faɗo a kan kwanon rufi. Wani ya biyo shi. Na ƙarshe ya gangaro har bakin ƙofa, Sista ta sunkuya ta ɗauka. Tsakuwar gini ce, jiƙe sharkaf, da sanyi kamar daga ƙasan ruwa aka tsamo ta. Ga shi rabon gari da ruwan sama an daɗe.

Sista tana cikin masu rubutu a wiki, kundin nan na intanet da kowa ke iya sa hannu. Rubutun da ta fi ji da shi na tsohuwar rijiyar bayan gidansu ne, wadda mahaifinta ya haƙa da hannunsa. A wiki kuwa ba a magana sai da madogara, kuma tata guda ce tal: hirar da wani ƙaramin gidan rediyo ya yi da Baba kafin rasuwarsa, gidan rediyon ya kuma rubuta ta a shafinsa na intanet. Da yake shafuka na mutuwa kamar mutane, abokan rubutunta suka ce ta ajiye kwafi a manyan rumbunan adana shafuka, waɗanda suka daɗe, suke buga ranar ajiya, kuma ko mai ajiyar ba ya iya taɓa abin da ya ajiye.

Amma ƙaninta, wanda ake wa laƙabi da Injiniya, ya gina nasa ɗan rumbun. Ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu.

"Haba Yaya," ya ce yana dariya, "gida bai ƙoshi ba za ki kai wa dawa?"

Ta ajiye a wurinsa, ba ta ƙara ko'ina ba. Daga baya gidan rediyon ya rufe, shafinsa ya bi shi.

Jifan bai tsaya ba. Kullum rana ta faɗi, sai tsakuwa, sai ƙarar guga yana bugun bangon rijiya, alhali Injiniya ya rufe bakinta da katako, ya jibge tsakuwa da bulo a gefe, wai gyara zai yi. Auta ta rage magana, ta rage ci. Takan tsaya ta fuskanci bangon da ke kallon rijiyar, ruwa na ɗiga daga kitsonta, ba ta yi wanka ba.

A cikin kwanakin nan ne wani marubuci ya cire jimla ɗaya daga rubutun Sista, inda ta ce Baba ya bar rijiyar da filinta sadaka ga unguwa. Ya ce madogarar ba ta faɗi haka ba. Ta buɗe kwafin ta karanta daga sama har ƙasa. Babu. Ta zauna tana tunanin ko kewar uba ce ta ƙirƙiro mata maganar. Ta rubuta ta ba shi haƙuri a gaban kowa.

Ran da Auta ta yi tari irin na Baba, busasshen tarin nan na tsohon da ya sha ƙurar rami, Sista ta aika aka kira Malam.

Dattijo ne marar yawan magana. Ya zauna nesa kaɗan da yarinyar, ya fara karatu a hankali. Hasken tsakar gida yana ja da baya. Can Auta ta ɗago kai, idanunta a kafe, muryar da ta fito kuma mai kauri ce, tana amsa kuwwa kamar daga cikin rami.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai, me yarinyar nan ta yi maka?"

"Ba ta yi min komai ba. A rijiyar nake tun kafin a haifi uwarta. Mai haƙa ya same ni, muka yi alkawari: ba zan hana kowa ruwa ba, ba za a toshe min gida ba. Ya faɗa wa duniya ya bar ta sadaka. Yanzu ga bulo a kaina."

Kan yarinyar ya juyo wajen Sista a hankali.

"Ke kika ɗauki maganar ubanki kika ba kura ajiya. Ƙaninki ya shiga rumbunsa ya goge ta. Shago zai gina. Har haƙuri kika bayar a kan gaskiya."

"Ƙarya kake," Sista ta ce. "Ni na goya shi."

"Shi ya sa ba ki duba ba."

Malam ya ɗaga mata hannu. "Ba a yanke hukunci da shaidar aljani, 'yata. Ki bincika da kanki." Ya koma ga muryar. "Kai kuma, ko an zalunce ka, zalunci kake yi. Fita."

"A ba ni hannun da ya goge."

"Ba za a ba ka ko farce ba."

Ya ci gaba da karatu, yarinyar na murƙususu, har muryar ta karye.

"To a kwashe bulon. A mayar da maganar inda hannu ɗaya ba zai kai ba."

Malam ya dubi Sista. Ta gyaɗa kai. Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale a jikin uwarta, ta ce da muryarta ta kullum, "Mama, sanyi nake ji."

Da gari ya waye, Sista ta sa tsohon adireshin gidan rediyon a ɗaya daga cikin manyan rumbunan, tana addu'ar kada ta samu komai. Ta samu. Wani da ba ta sani ba, ba kuma za ta taɓa sani ba, ya ajiye shafin tun rediyon na raye. Ga maganar Baba nan a tsakiyar hirar: "Na bar ta sadaka, kada ɗana ko jikana ya ɗora bulo a kanta."

Ta ajiye kwafin a wani rumbun na biyu. Ta mayar da jimlarta. Sannan ta bi rubuce-rubucenta ɗaya bayan ɗaya tana cire adireshin rumbun ƙaninta.

Tana cikin haka Injiniya ya yi sallama, da fara'arsa, ya leƙa fuskar kwamfutar ta bayan kafaɗarta. Fara'ar ta ɗauke. Ya fara cewa filin a banza yake, kowa ya ja famfo, ai don 'ya'yansu ne gaba ɗaya.

"Filin ba shi ya dame ni ba," ta ce, ba ta waiwayo ba. "Ranar da na kira ka ina kuka, na ce ko na fara mantuwa ne, me ka ce min?"

Ya kawar da kai gefe.

"Cewa ka yi in rage aiki, in huta."

"Yaya, ni ne fa."

"Na sani. Ka kwashe bulonka kafin la'asar. Ka bar min makullin gidan nan a kan tebur."

Ya daɗe a tsaye. Sannan ta ji ƙarar makulli a kan katako, ta ji an ja ƙofa. Ba ta ɗago ba sai da takunsa ya ɓace a lungu.