Wa Ya Tuƙa da Katin Maren?

"To in ba ke ba ce, wa ya tuƙa? Aljani?" in ji Koci Halvorsen.

"Koci, kwana uku ina kwance da zazzaɓi," Maren ta ce. "Ni ma yanzu nake gani."

Tafkin Worcester ya daskare tun Disamba, don haka 'yan tseren kwale-kwalen kwalejin suka koma ɗakin injinan atisayen tuƙi. Kowa da katinsa da yake sa wa inji ya rubuta sakamakonsa. Katin Maren ya nuna ta yi gwajin mita dubu biyu jiya da asuba, cikin minti bakwai da daƙiƙa biyu, abin da ba ta taɓa yi ba. Koci ya ce in ba a gano mai maguɗin ba kafin la'asar, ta rasa kujerarta a jirgin farko.

Odette, 'yar ƙaramar da ke zama a ƙarshen jirgi tana ba matuƙa umarni, ta ce a bar mata binciken. Amma kanta ya ɗaure. Wa zai cuci mutum ta hanyar ba shi nasara?

Ta fara da Ingrid, abokiyar ɗakin Maren, mai harin kujerar.

"Ke kika ɗauki katin?"

"Haba 'yar tsana. In ina iya bakwai da biyu, sai in rubuta wa wata?"

 Odette ta koma kan injin, ta danna tarihin gwajin, ta karanta, ta sake karantawa. Sannan ta sa aka kira Callum, dogon saurayin Maren na ƙungiyar maza.

"Ka je duba Maren shekaranjiya?"

"Miya na kai mata."

"Katin yana aljihun rigarta. Malam, sau nawa ka ja igiyar injin a minti?"



Odette ta juya ga Koci. "Mace mai neman wannan lokacin sai ta ja sau talatin da biyu a minti, tana haki kamar za ta mutu. Wannan sau ashirin da biyu ya ja, daga farko har ƙarshe, bai hanzarta ba ko a mita ɗari na ƙarshe. Ƙato ne yake rage ƙarfi don lokacin ya yi kama da na mace. Tsawon jansa ne ya kasa ragewa."

Idanun Callum suka kawo ruwa. "Yau ake rufe gwaji. Shekara uku tana tsage tafin hannu saboda kujerar nan. Na ɗauka taimako ne."

Maren ta dube shi, ta kasa gane ko marinsa take son yi ko rungumarsa. Ta cire rigar sanyi, ta zauna kan injin, ta ɗaure ƙafafunta.

"Koci, goge nasa. Yanzu zan yi nawa. Abin da ya fito shi za ka rubuta."