Bindigar da Ba Ta Dukan Kafaɗa

Da la'asar aka shigo da gawar maharbin, kafin magariba magana ta zagaye unguwa: wai shi ya harbe kansa. A gefensa aka tsinci bindigarsa, harsashin da likita ya ciro daga ƙirjinsa ma nata ne.

Matarsa ba ta yi gardama da kowa ba. Ta zauna a bakin ƙofar ɗaki tana kallon takalmansa na daji, da laka a jikinsu har yanzu. Mutumin da ya ce mata ta ajiye masa ruwan wanka, shi ne zai kashe kansa?

Washegari Sufeto ya zo. Dogo ne, ba ya gaggawar magana.

"Malama, me ya sa mijinki yake farauta da ƙaramin harsashi?"

"Kafaɗarsa ce, Yallaɓai. Tun da ta goce ya bar manyan bindigogi. Wannan ba ta duka. Yakan ce ko jariri ka goya ka harba ta, ba zai farka ba."

"Tana da saiti?"

Ta kai shi bayan gida, inda allunan gwaji biyu suke jingine da katanga. A na mijinta ramukan sun taru a tsakiya, marfin kwalba zai rufe su. A ɗayan kuwa duk sun zame hagu, kusan tafin hannu guda.

"Wannan fa?"

"Na Auta ne, ƙaninsa. Tasa babba ce, ture mutum take kamar bijimin sa. Tsoronta yake ji, kafin ta tashi ya riga ya fizge hannu."

Sufeto ya daɗe yana shafa ramukan da yatsa. Sannan ya ce a kira Auta.

Auta ya shigo idanunsa jajir. Shi ne mai tsokanarta kullum, "Matar Yaya, miyar yau da gayya aka yi ta ko da kuskure?" Ranar ko kallonta bai yi ba.

"Ina kake lokacin da abin ya faru?"

"Mun rabu, Yallaɓai. Na bi barewa ƙetaren rafi, na harbe ta sau biyu da tawa ban samu ba. Da na dawo na tarar da Yaya a gindin bishiya."

"Likita ya ce babu ƙunar albarushi a rigarsa. Daga nesa aka harbe shi."

"To, ko wani ne ya bi ta wurin."

"Ya ɗauki bindigar yayanka, ya ja da baya, ya harba, ya dawo ya ajiye masa?"

Auta ya kawar da kai.

Idon Sufeto ya sauka kan wata kwalbar man zafi a kan taga. Ya buɗe ya shinshina.

"Ta marigayi ce?"

"Ta Auta ce," in ji matar. "Duk ranar da ya harba tasa, nan yake fara zuwa ya shafa, yana mita." Sai ta tsaya. Jiya shi ya saɓo yayansa a kafaɗar dama tun daga mota har ɗaki, bai ko yamutsa fuska ba. Bai kuma nemi man ba.

Sufeto ya lura da fuskarta. Ya juya ga Auta a hankali.

"Cire rigarka."

Kafaɗar sumul take, babu kumburi, babu ja.

"Sau biyu da babbar bindiga, ka ce."

Auta ya saki rigar da ke hannunsa. Ya zauna a ƙasa, kusa da takalman.

"Cewa Yaya ya yi hannuna ya mutu. Wai in sayar da bindiga in koma kamun kifi. Yana dariya ya faɗa, amma ta sosa ni. Gorar ruwansa na rataye a reshe, hagu kaɗan da inda yake zaune. Na ɗauki tasa na ja da baya, na ce bari in fasa gorar ya gani." Ya sunkuyar da kai. "Tawa hagu take kai ni, shi ya sa kullum nake auna dama kaɗan. Hannuna ya saba. Na auna dama."

"Ita kuma ba ta fizge ka ba," in ji Sufeto.

"Ko motsi ba ta yi ba. Inda na nuna, nan ta kai."

"Shi ne ka ajiye ta a gefensa, ka bar mutane suna cewa ya kashe kansa."

Auta ya ɗago. "Matar Yaya..."

"Na kwana ina tambayar kaina abin da na yi masa," ta ce. "Kana ji na ta bango."

Wani kofur da ya zo tare da Sufeto ya sa masa ankwa, suka fita da shi ta gaban masu zaman makoki. A ƙofar gida Sufeto ya tsaya, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji: marigayi bai kashe kansa ba.

Bayan kwanaki aka kawo mata kayansa daga ofishin 'yan sanda. Gorar na ciki, ko ƙwarzane babu. Ta girgiza ta. Ruwan da ta zuba masa da safen ranar yana nan, bai sha ko rabi ba.