Sunan da ke Ƙarƙashin Durowa

Da ƙarfe biyu na rana rahoto ya iso ofishin 'yan sanda na Shoreditch a Landan: an kashe Mista Cubbitt, mai shagon tebura da kujeru.

Sufeto Hallam ya tarar da gawar a gindin wani teburin rubutu na maɗaci, an sassaƙa masa ganyen inabi daga ƙafa har sama. Raunin wuyan kamar jinjirin wata yake, da ɗan giɓi a tsakiya.

"Wa ya fara ganinsa?"

"Ni, yallaɓai, da muka dawo daga cin abinci," in ji Misis Pegg mai goge katako. "Kada ka jira in yi kuka. Mutumin nan ko tururin shayinsa ba ya bari a shaƙa."

"Teburin nan, aikin wa ne?"

"Hatimi ya ce Cubbitt. Cubbitt da bai san gaban zarto da bayansa ba! Tsoho Oakshott ne. Shekara biyu yana kai, har idonsa ya mutu. Ga ɗansa can."

Reuben Oakshott na tsaye yana wasa bakin ƙarfen sassaƙa. Bai ɗago ba.

"Ina kake da tsakar rana?"

"Gidan abinci."

"Ka taɓa teburin nan yau?"

"Ko kallonsa ba na yi."

Sufeto ya tsuguna. A ƙasan teburin akwai ɓarɓashin katako, sabo, bai ko yi ƙura ba. Ya zaro durowar teburin ya kife. An kankare hatimin Cubbitt. A gurbinsa an sassaƙa: ELI OAKSHOTT. Harafin O yana da giɓi a lanƙwasarsa, irin na raunin wuyan.

"Miƙo ƙarfen nan, Reuben."

Washin bai gama cinye giɓin bakinsa ba. Sufeto ya ɗora shi a kan harafin, ya zauna daram.

"Da ka fita kawai, da na sha wahala. Me ya tsayar da kai?"

Reuben ya goge hannu a rigar aikinsa.

"Kowane masassaƙi a ƙarƙashin durowa yake sa sunansa, inda mai saye ba ya duba. Iyakar rabonmu ke nan. Cubbitt ya goge na Baba, ya kore shi. A gidan gajiyayyu Baba ya mutu yana tambayata ko sunan na nan. Na ce yana nan."

"Yau fa?"

"Gobe za a kai teburin gidan wani attajiri. Na roƙi Cubbitt ya mayar da sunan Baba. Ya yi dariya, ya ce makaho ba ya karanta suna."

"Ka san igiyar rataya ce ƙarshenta?"

"Na sani. Da zai tashi, da na ƙara."

Wani kurtun ɗan sanda ya sa masa ankwa. A bakin ƙofa Reuben ya tsaya.

"Yallaɓai, za a kankare sunan?"

Sufeto ya riƙe durowar a hammata.

"Shaida ce. Ba mai taɓa ta. Alƙali ma sai ya karanta sunan da ƙarfi a gaban kotu."

A karon farko Reuben ya yi murmushi. Ya riga kurtun fita.